Kawu, Basarken Jaradiya, da Ƙullin Ɗansa

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a wani asibiti a nan Riyad. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗayanmu. Bayan la'asar aka sallace shi, muka raka shi makwancinsa, muka dawo unguwarmu Jaradiya aka shimfiɗa dardumai a tsakar gidan da yake haya, aka zauna karɓar gaisuwa.

Na ɗauka mu kaɗai za mu zauna, direbobi da magina da 'yan tireda, mutanenmu da muka saba haɗuwa a masallaci. Sun zo kuwa, har da wanda ya ajiye motar kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, a bakin titi ya shigo da gudu ya yi addu'a ya koma. Amma sai ga wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu da babbar riga, yana cewa tun da ya zo ƙasar nan bai sha miyar kifi mai daɗi ba sai wadda aka yi da kamun Kawu. Sai ga ɗan Bangaladash ɗin da ke sayar da kayan fatsa a wani lungu na unguwar Utaiƙa, ya tsuguna gabana yana share ido da bakin rigarsa. Da Larabcinsa na kasuwa ya ce mini duk cikin masu shiga shagonsa babu wanda ya ba shi wahala kamar Kawu, kuma babu wanda zai yi kewa kamarsa. Wani abokin Kawu, Bakano, direban tankar ruwa, ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko. Mutum ya ƙare rayuwarsa a tsakiyar hamada, amma ka shiga motarsa sai ƙarnin kifi." Aka yi dariya, shi kuwa mai maganar ya sunkuyar da kai ya fashe da kuka.

Kusa da magariba kafilin Kawu, wani tsoho, ya shigo yana dogara sanda. Ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a ƙasa kusa da ɗan Kawu, taubashina. Ya ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa a cikin jirgi?"

Taubashina bai yi kuka ba. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa da amin, idonsa a bushe. Da yawa daga cikin masu zaman sun san an yi shekaru uban da ɗan ba su wuce sallama ba, don haka ake ta satar kallonsa, ana son a gane ko an shirya kafin rabuwa ko ba a shirya ba. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi wai yaron nan ba shi da zuciya. Ni na san yadda aka ƙare, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da Kawu, kada kuma a riƙe ɗansa da rabin labari.

Mu Sarkawa ne, daga Yawuri. Kawu ya taso cikin su, da mamari da taru a hannu, amma neman abinci ya kawo shi ƙasar nan tun ina goye, ya zama direban gidan mutum ɗaya, bai taɓa sauya kafili ba. Shi ya nemo mini hanya na biyo shi, nake tuƙa tasi. Riyad kuwa gari ne da ba shi da kogi balle teku, kuma ban san abin da ya fi wannan zama horo ga Basarke ba.

Allah da ikonsa, kafilin nasa mai son teku ne, yana da ɗan jirgi mai inji a gabas, wajen Jubail. Idan zafi ya sauka sai Kawu ya tuƙa shi tafiyar rabin yini zuwa gaɓa, tsohon ya shiga ruwa da abokansa, shi kuma ya zauna a mota yana jira. Ya ce mini jiran nan ya fi masa azumin bazara wuya. Ran nan ya kasa haƙuri, ya sauko yana kallon yadda suke sa koto, wato abincin kifi, a ƙugiya, ya yi tsaki da ƙarfi har tsohon ya ji. Aka ce to ya shigo ya gwada tasa. Ya shiga da taƙamarsa ta jikan masunta, kafin a yi nisa ya amayar da duk abin da ya karya da shi. Kifin farko da ya ci kotonsa kuma ya yanke zaren ya tafi da ƙugiyar. Duk lokacin da yake ba da labarin nan sai ya yi dariya har da tari. "Ranar na san teku ba kogin Kwara ba ce," in ji shi. "Sai na koma makaranta da gemuna."

Makarantar kuwa ya yi ta da gaske. Abin da ya fi so shi ne fatsa da koto mai rai. Da sassafe za a fara kama ƙananan kifaye irin waɗanda mutanen gaɓa ke kira uma, a zuba su a baho mai ruwan teku, sannan a nausa can ciki inda ba a hango ƙasa, a rataya su ɗaya-ɗaya a ƙugiya su yi ta iyo har babba ya zo. Duk dabarar Kawu a kan abu ɗaya take, kada ɗan kifin nan ya mutu. Yakan ce, "Kanad ba kura ba ne, ba ya cin mushe." Kanad shi ne kifin da ya fi ƙauna, dogo ne, mai gudu, haƙoransa irin na tsage ɗinmu na gida.

In ya shiga shagon ɗan Bangaladash sai ya sa a zazzage masa ƙugiyoyi a kan tebur. Ya ɗauki kowace ya ja bakinta a kan farcen babban yatsansa. In ta zame ya ture ta gefe, in ta kama ya ajiye. Mai shago na nuna masa manya masu ƙyalli, shi kuwa yana kaɗa yatsa yana cewa, "La, la, sadiƙ. Girman koto ake dubawa, ba girman kifin da mutum ke mafarki ba." Siririya yake so, wadda za ta shiga hancin uma ba ta fasa masa kai ba. In kanad ake nema yakan haɗa biyu da guntuwar waya, ɗaya a hanci, ƙarama mai baki uku kusa da wutsiya, domin kanad ta baya yake zuwa, ya raba koto biyu ya bar maka kai kana ta jira. Wayar ba ta wuce tsawon tafin hannu da ɗan ƙari, kuma baƙa ko ruwan ƙasa, ba mai walƙiya ba. Ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake haɗa waya da zare da shi, wanda Kawu ke kira majuyi, shi ma baƙi yake ɗauka, don in yana ƙyalli wani kifin sai ya kai masa cizo. In kuwa hamur ake so, mai zama a ƙasa cikin duwatsu, to sai zare mai kauri da dalma mai nauyi da ƙugiya mai lanƙwasasshen baki, kuma ba a fizga. "Hamur dattijo ne," yakan ce. "Bar shi ya gama cin abincinsa, shi zai kama kansa." Tsohon kafilin ya sha faɗa a kan fizgar nan. Kawu da a mota ba ya ɗaga masa murya, da an shiga ruwa sai ka ji ya daka wa tsohon tsawa da Larabci, "Ya Ammi, sabur, haƙuri! Wa ya ce ka ja?" Tsohon ya saki jiki yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

Duk haɗin nan a Jaradiya ake yinsa, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Ya buga ƙusa a saman ƙofar ɗakin. In ya yi ƙulli sai ya jiƙa shi da yawu kafin ya ja, sannan ya rataya masa jarka cike da ruwa ya bar ta tana lilo. Ƙullin da ya riƙe jarka shi zai ga teku. Inna, matarsa, ta sha bugun goshi da jarkar nan, ta sha cewa wata rana za ta haɗa shi da ƙugiyoyinsa ta kai bola. Ko sau ɗaya ba ta taɓa masa su ba.

Ba ya dawowa daga gabas ya ci kamunsa shi kaɗai. Yakan tsaya a bayan mota da wuƙa yana yanka yana aikawa, kuma kason farko na wanda ya zo ƙasar nan kwanan nan ne, wanda har yanzu abincin Larabawa bai zauna masa ba. Ni ma da na sauka, kafin ya tambaye ni labarin gida sai da ya ajiye mini kan hamur da yaji. Akwai kuma abin da yake yi wanda tsohon ya daɗe yana yi masa dariya a kai kafin shi ma ya koya. In an tashi komawa gaɓa, uma da suka rage a baho ba ya barin a zubar da su a rana. Yakan karkata bahon a hankali cikin teku ya ce, "Ku je, yau ba ranarku ba ce."

A gidan kakanmu akwai wata ƙa'ida. Mutum ba ya jefa ƙugiya a ruwa sai da ƙullin hannunsa. In ya tsufa, ido ya yi rauni ko hannu ya gaza, to ɗan cikinsa ne zai ƙulla masa, ba ƙane ba, ba aboki ba. In ba shi da ɗa, sai ya haƙura ya koma gyaran taru a gindin bishiya. Ban san mafarinta ba. Kawu da kansa ya yarda ba addini ba ce, amma ya ce haka ya ga ubansa ya yi wa kakansa, shi ma haka ya yi wa nasa uban har ranar da ya bar gida. Ni na iya ƙulli, shi ya ƙara gyara mini hannu, har yakan yaba. Sai dai ni ɗan mace ne, jinin wani gida, ƙullina na kaina ne.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, taubashin nan nawa, kuma a Riyad aka haife shi. Larabci ne a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ka yi haƙuri. Ni Balaraben Jaradiya nake ce masa, shi ya ce mini baƙauye. Tun yana ƙarami Kawu ya so ya zaunar da shi gaban ƙugiyoyi, shi kuwa duk abin da ke da batir sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ya girma ya zama mai gyaran waya, kuma yana da hannu sosai.

Da ya kama aiki ya so ya faranta wa ubansa. Wata Juma'a muna zaune bayan cin abinci, ga baƙi, ya shigo da kwali mai kyau ya ajiye gaban Kawu. Haɗaɗɗun ƙugiyoyi ne na kamfani, kowace da wayarta da majuyinta da zarenta, an ƙulla an gama, sai jefawa. Ya ce, "Yuba, ka huta." Yuba shi ne baba a bakin 'yan Riyad.

Kawu ya ɗaga ɗaya ya duba a haske. "Wa ya ƙulla wannan?"

Ya ce wasu ma'aikata ne a can wata ƙasa.

"Ka san su? Ka san ubansu?"

Sai ya jawo almakashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana datse ƙullin, ya ware ƙugiyoyin, ya tura masa sauran. "Ina da ɗa mai yatsu goma, sai a kawo mini ƙullin wanda ban sani ba."

Ina son Kawu kamar raina, amma ranar bai kyauta ba, kuma na gaya masa daga baya. Taubashina ya miƙe, idonsa ya kaɗa, ya juya harshe zuwa Larabci don ba ya iya faɗa da Hausa. Ya ce wa ubansa shi direba ne a hamada, ba masunci ba, ya daina wasan yara da zare. Ba a jima ba taubashina ya kwashe kayansa ya koma ɗakin abokan aikinsa a Utaiƙa. Yakan zo ya gaida Inna, ya tsaya daga ƙofa ya yi wa uban sallama, uban ya amsa, shi ke nan. Haka aka yi ta tafiya shekaru, domin kan nasu iri ɗaya ne wajen tauri.

A shekarar da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar ne na fara lura hannun Kawu na rawa. Da farko yakan ɓoye shi a aljihu. Likita ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Kafilin, Allah ya saka masa, ya ɗauke masa tuƙi ya bar shi yana kula da ƙofa da lambu, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ba ta taɓu ba. Rabuwa da sitiyari bai dami Kawu ba ko kaɗan.

Ran nan na shiga ɗakin na tarar yana fama da zare ya ƙi shiga idon majuyi. Na yi kamar ina duba waya. Da ƙyar ya ƙulla, ya rataya jarka. Ba ta ko fara lilo ba ƙullin ya zame, jarkar ta faɗi murfin ya fita, ruwa ya malale ɗakin har ƙarƙashin katifa. Inna ta leƙo da faɗa a bakinta, ta ga fuskarsa, ta koma ta ɗauko tsumma.

Na ce, "Kawu, kawo in ƙulla maka. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ai ni ma ɗanka ne."

"Ɗana ne kai har gobe. Amma ba a nan ba." Ya tattara ƙugiyoyin ya zuba a gwangwani ya rufe. "Ka gaya wa tsohon bana ba ni zuwa."

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya koma. Lokacin kanad ya zo ya wuce yana zaune a ƙofar gida. Ya daina tsokanar kowa, ya daina leƙa shagon ɗan Bangaladash. Ruwa ne kaɗai abin da ya rage masa na gida, kuma ga shi zai rasa shi alhali ɗan da zai ƙulla masa yana nan a unguwar da ke kusa.

Na je na sami taubashina a shago, ya sunkuya kan wata waya da ɗan ƙarfe kamar allura. Na ba shi labarin jarka. Bai ɗago ba.

"Huwa, shi ya ce ka zo?"

Na ce a'a.

"Halas, shi ke nan. Shi ya yanka, shi zai kira."

Na zage shi irin zagin taubasai, da na gaske a ciki, na fito.

Inna ce ta yi abin da muka kasa. Takan aika wa ɗanta da tuwo duk Juma'a ta hannuna. Wannan karon da ya buɗe ledar, ban da kwano sai ya ga ɗan curin zare da majuyi ɗaya a cikin tsumma. Ba ta ba ni wani saƙo ba, ni ma ban san ta sa ba. Ya juya su a tafin hannu, ya juya, sannan ya dube ni ya ce, "Ya baƙauye, kaif ake yin abin nan?"

A cikin tasina muka yi karatun, bayan azahar kafin kasuwa ta sake buɗewa. Na ɗauka mai gyaran waya zai koya nan da nan. Ina! Yatsun da ke ɗaukar ƙarfen da ido ba ya gani, a ba su zare sai su rikice. Yana ƙyamar sa yawu, yana rage naɗi don sauri. In ce ya sake, ya ce, "Wallahi zain, ya yi kyau," in ja ya kwance. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa sai ya ƙware. Bai ƙware ba lokacin kanad ya sake zagayowa, jikin Kawu kuwa ya ƙara sauka, har tashi daga zaune sai an kama shi. Na ce wa taubashina in zai zo ya zo yanzu.

Ya zo ranar Alhamis da yamma. Bai tsaya a ƙofa ba, ya shiga ɗakin ya zauna a ƙasa, ya jawo gwangwanin ya buɗe. Kawu na kallonsa. Babu wanda ya ce yi haƙuri, babu wanda ya tada tsohuwar magana. Kawu ne dai ya miƙa hannunsa mai rawa ya tura masa wata siririyar ƙugiya ya ce, "Ba waccan ba. Wannan." Suka haɗa waya tare, uban na faɗa, ɗan na yankawa yana murɗawa, kuma a nan hannunsa na mai gyara ya yi aiki. Sannan aka jawo sandar fatsa, aka zaro zare daga makina, wato abin naɗin da ke jikinta, aka zo ƙullin majuyi. Taubashina ya yi gumi ya ƙulla ya miƙa. Na duba na ga naɗin ya hau juna, ɗaya ya karkace. Na san Kawu ya gani, mutumin da ke gane mugun ƙulli tun daga bakin ƙofa. Na miƙe zan ɗauko jarka.

"Bar ta," in ji Kawu. "Ruwan girkin Inna ne." Ya shafa ƙullin da babban yatsa, ya jingina sandar da bango. "Ya yi. Kira tsohon ka ce gobe muna tafe."

Muka kama hanya bayan an sauko daga Juma'a, muka kwana a gaɓa, Asabar da sassafe muka shiga ruwa mu huɗu, tsohon na riƙe da sitiyari. Kafin a yi nisa taubashina ya rungume gefen jirgi yana amai. Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, jinina ne." Muka kama uma, muka nausa ciki. Hannun Kawu ba ya iya riƙe ɗan kifi, don haka ɗan ya riƙe, uban na faɗa masa. "Jiƙa hannunka tukuna. Kada ka matse shi. A hanci, a hankali, kada ka taɓa ido. Ƙaramar kuma a fata kawai, kada ta kai ƙashi." Aka sake shi ya nutsa yana iyo lafiya lau. Kawu ya sa aka sassauta makina don in kanad ya ɗauka ya samu gudu, aka ba shi sandar, muka zauna jira.

Rana ta ɗan ɗaga sai makina ta yi ƙara, zare ya fara fita da gudu. Kawu ya miƙe da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Na riƙe shi ta ƙugu, ɗansa ya tallafi sandar ta ƙasa. Can nesa kanad ya yi tsalle, fari fat a rana, irin wanda ban taɓa ganin girmansa ba. Tsohon ya saki sitiyari yana ta masha Allah. Na dubi hannun Kawu a kan makina na ga ya daina rawa. Yana naɗawa yana saki, yana magana da kifin da Hausa, yana ce wa ɗansa, "Ɗaga, ɗaga, to sauke." Har mun fara hango shi a ƙarƙashin ruwa, sai sandar ta miƙe, zaren ya yi lakwas. Kifi ya tafi.

Kawu ya naɗo zaren. Ina bayansa na ga bakinsa ya fito daga ruwa a murɗe, kamar gashin da aka kwance daga kitso. Duk masunci ya san wannan. In kifi ne ya yanke, a miƙe bakin zare ke fitowa. In ƙulli ne ya zame, a murɗe yake zuwa. Taubashina na can yana leƙen inda kifin ya ɓace. Kawu ya kai zaren baki, ya datse murɗaɗɗen wurin da haƙori, ya tofar a teku. Sannan ya ɗaga abin da ya rage ya nuna wa kowa.

"Kun gani? Ɗan'uwansa ne ya biyo shi ya kai wa majuyi cizo, ya yanke sama da waya. Wannan ko ubana ne ya ƙulla sai ya tafi."

Tsohon ya dubi zaren, ya dubi Kawu, ya ce, "Sahih." Ya juya yana taɓa injin da babu abin da ya same shi.

"Yuba, ba ƙullin ba ne?"

"Ƙullinka da ya riƙe ƙaton kanad irin wannan har ya gaji da tsalle? Ƙulla wani, rana na yi."

Ya ƙulla wani. Ɗan hamur kawai muka samu ranar, wanda bai fi miyar gida ɗaya ba. Da muka fito gaɓa, ɗan ya tafi kawo mota, na tsuguna ina sa wa Kawu takalmi na ce, "Kawu, na gani fa."

"Ka ga me?"

Na ci gaba da sa masa takalmin.

Ya ce, "Kifi nawa na kama a tekun nan? Na ci, na ba mutane, na manta da su. Yau na jefa ƙullin ɗana a ruwa. In ka buɗe baki ni da kai ne."

Bai sake ganin teku ba. Da muka dawo jikin ya rikice, aka kwantar da shi, kuma ɗan nan da ake cewa ba shi da zuciya shi ya rufe shago ya zauna a asibiti yana ba shi abinci a baki, yana yi masa alwala, har ranar Talatar.

Na riƙe bakina kamar yadda aka ce. Bayan an tashi daga zaman makoki na ɗauki taubashina zan mayar da shi Utaiƙa. Muna cikin cunkoso sai ya ce, "Ya baƙauye, na ga lokacin da ya ciji zaren."

Na juyo na dube shi.

"Sau nawa ƙulli ya kwance mini a motar nan? Na san yadda yake murɗewa."

"Kuma ba ka ce komai ba?"

"Yana murna," in ji shi. "Ya ɗauka ya ɓoye mini. Kaif zan ɓata masa?"

Sai a lokacin kukan ya zo masa. Na gangara gefen titi na kashe mota, muka yi shi tare, masu hon na ta yi a bayanmu.

Ya Allah, bawanka ya ga aibin ɗansa ya datse shi da haƙorinsa don kada yaron ya ji kunya, kuma kai ka fi shi tausayi. Ka rufa masa nasa, ka yalwata masa kabari, ka ba Inna da ɗansa haƙuri, mu kuma ka sa mu cika da imani. Amin.